Yadda Za Ka Sha Lambar Yabo Sau Goma Sha Tara Ka Koma Gida Wuya Wayam

Ɗan'uwa, matso kusa. In ka bi matakan nan, tabbas sai an rataya maka lambar girmamawa ta ƙasa. Ni da kake gani sau goma sha tara aka rataya mini, alhali ban tsinana wa ƙasa komai ba sai goge tebur.

Mataki na 1: Zama masinja a ofishin shirya bikin

Kada ka nemi babban muƙami, manya sau ɗaya tak ake ba su. Ana gobe biki akan yi gwaji, masu lambar kuwa ba sa zuwa gwaji. Sai Oga ya waiga ya ce, "Kai, zo ka zama farfesa." Ka zama. Ni na taɓa zama janar da alƙali kafin azahar.

Mataki na 2: Koyi sunkuyo

Taku bakwai, ka tsaya, ka miƙa wuya kamar rago a gaban mahauci. Za a rataya maka zaren, a ce "Madalla, na gaba," a cire. Kada ka riƙe zaren. Na taɓa riƙewa, ban ji da daɗi ba.

Mataki na 3: Lallaɓi mai hoto

Kafin a cire, ya ɗauke ka. Ka sa hoton a gilashi ka kai wa mahaifiyarka. Kada ka yi ƙarya, haram ne. Ka dai yi shiru ka sosa ƙeya. Inna ta kafa nawa a bangon ɗakinta, ta rataya mayafinta a gefensa har ya rufe rabin hoton. Shekara uku duk maƙwabciyar da ta shigo sai ta ji, "Autana ne, ƙasa ta san da shi." Wallahi ni kaina har na fara yarda.

Mataki na 4: In ta ce tana so ta taɓa lambar

To, nan ake yin ta. Ka ce tana wurin gyara. Ka ce an kai ta wanki. Ranar da ciwo ya kwantar da ita ta ce, "Auta, kawo in riƙe ko sau ɗaya," dabara ta ƙare. Ka ari ta gwajin daga durowar Oga, ka goge ta da toka, ka kai.

Mataki na 5: Tuna sana'ar uwarka

Wannan ne na manta, ni sakarai. Shekara talatin Inna tana sayar da tukwanen ƙarfe. Ta ɗora lambar a tafin hannu, ta jinjina, ta ƙwanƙwasa da farce.

"Gwangwani ne," in ji ta.

"Inna, ai na zamani haka suke..."

"Rufe mini baki. Ɗauke mayafin can."

Na ɗauke. Ashe a bayana, cikin hoton, kujeru ne reras babu kowa, sai wani da tsintsiya.

"Tun ran da ka kawo na gani. Mayar, kada maƙwabta su shigo su gani." Ta damƙe gwangwanin a ƙirjinta. "Wannan kuma ka ce wa Oganka ta ɓata."

Kunya ta kama ni har na yi hawaye.

Hattara

Mai wannan rubutu ba ruwansa da takardar tuhuma daga Oga, ko ciwon wuya, ko uwa mai ido. In ka kai hoto gida, matsalarka ce. Ni dai tun rasuwarta mayafin yana nan inda ta bar shi, kuma ban yarda kowa ya taɓa ba.