Kazar da Ta Ƙaryata Mai Girma

Jiya da hantsi na tarar da 'Yar Baƙa, babbar kazar uwargidana, ta rakuɓe a gindin randa, fukafukai a sake, baki a buɗe. Na kara kunnena a bayanta, na ji ƙirjinta yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Na taɓa gindin wuyanta, na iske tsabar shekaranjiya tana nan cunkus, ba ta wuce ba. Kashinta kuwa kore ne, tsararo. Ciwon a ƙirji yake ko a ciki? Mai yaɗuwa ne? Sauran kajin akurkin, waɗanda ƙwansu ne rufin asirin gidanmu, makomarsu ta dogara ga amsar.

Maƙwabcina tela ya leƙo ta katanga. "Malam, ka kai ta kasuwa tun tana iya tsayuwa. Kowa ma haka yake yi."

Na ce, "In kai wa wani bawan Allah annoba har gida?"

Ya ce, "To, riƙe ta. Ranar sadakar uku ka aiko mini."

Na sa ta a kwando na nufi ofishin lafiyar dabbobi. Masu karatu, a yaba wa wanda ya cancanta: ofishin ya sha sabon fenti, kuma a ƙofarsa an kafa gunkin kaza na siminti, ya fi ni tsawo. A ciki na sami ma'aikaci guda yana fifita da kwali.

"Ranka ya daɗe, ina likita?"

"Suna otal, Baba, taron bita kan cututtukan kaji."

"Da kaji suka tafi?"

"Akwai kaji," in ji shi, "amma sai an tashi cin abinci."

Na zayyana masa alamomin ɗaya bayan ɗaya. Ya girgiza kai cikin tausayi. "Baba, wannan cutar babu ita a yankinmu. Mai Girma Garkuwar Masu Fukafukai ya kawar da ita a jawabinsa na watan jiya. Ba ka ji a rediyo ba?"

"Ni na ji. Ita ce ba ta ji ba."

Nan take 'Yar Baƙa ta saki atishawa. Ma'aikacin ya yi tsalle ya toshe hanci da hularsa. "Fita da ita, don Allah! Ni ma ina da kaji a gida!"

Da na koma, uwargida ta tare ni a zaure. "Me likitan ya ce?"

"Hukuma ta ce lafiyarta lau, sharri ne kawai irin na 'yan adawa."

"To ka shiga ka gaya wa sauran. Biyu sun fara tari."

Na killace marasa lafiyar a bayan gida, na wanke mazubin ruwa da toka. Sannan na bi unguwa ƙofa ƙofa ina roƙon kowa ya kulle kajinsa, har da telan, wanda ya daina dariya ya ruga akurki da almakashi a hannu. Zuciyata ba za ta bar ni in yi shiru ba, ko da yake na san yanzu ni mai yaɗa jita-jita ne a idon manya.

Amma kada a ce ofishin bai iya kiwo ba. Kazarsu ta siminti tana nan garau, ko sau ɗaya ba ta taɓa tari ba.