Lahadin da Na Kashe Waya Na Bi Agogona

Ba zan taɓa mantawa ba da Ista ta farko da na yi a Ingila, kuma ko na so mantawa, matan cocinmu ba za su bar ni ba.

Bari in fara gaya muku matsayina a harkar lokaci. Karatuna a aji huɗu ya tsaya (malamin ya ce kaina ya cika, ni kuma ban yi masa musu ba), amma shekara talatin da ɗaya na yi ina buga ƙararrawa a wata firamare a Kafanchan. Hedimasta kansa da ni yake saita agogonsa. Da na yi ritaya aka ba ni agogon hannu, irin wanda ake murɗawa kowace safiya. Ranar da na sauka Manchester wajen ɗana, a watan Nuwamba, tun a filin jirgi ya sa na mayar da shi baya da awa ɗaya, wai haka lokacinsu yake. Na mayar, amma da ciwon rai.

A watan Maris 'yata Hannatu ta kira daga Lozells, a Birmingham, ta ce in zo in taya su, gida ya rikice. Wai bazara ta shigo (bazarar da mutum yake sa rigar sanyi biyu, Allah ya kyauta). Na iske gidan kamar tashar mota. Yau a kai yara ninƙaya, gobe makaranta na son hular Ista da aka manna wa 'yan tsakin roba, jibi taron iyaye, Hannatu tana aikin asibiti, mijinta Istifanus yana ta zirga-zirga da kujerun coci a bayan mota. Kowa yana magana yana tafiya.

Cikin wannan hayaniya fasto ya ce yara za su yi waƙa da harsunan iyayensu ranar Ista. Cocin a Handsworth yake, akwai Yarbawa, 'yan Ghana, 'yan Jamaica, masu jin Hausa kuwa gidanmu ne kawai. Jikata Saratu, 'yar shekara tara, wadda nake kira amaryata, duk Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba. Ga ta da kunya. Na koya mata wata waƙa da mahaifiyata take yi mana, irin wadda mutum ɗaya yake bayarwa wani ya amsa. Ita za ta bayar, ni in yi amshi. Mako uku muna yi a kicin.

"Kaka," ta ce da ni da Turancinta na ta hanci, "in ba ka zo ba, zan mutu a gaban kowa."

"Amarya, ni ne fa. Rana ma takan leƙo ta tambaye ni ƙarfe nawa."

Ranar Asabar da yamma Hannatu tana soya kaji ta juyo ta ce, "Baba, ka tuna gobe agogo zai matsa gaba."

Na ce, "To dā can baya yake matsawa? Wannan ne ilimin da aka turo ku nema?"

Ta yi dariya, mai ya fantsalo mata a hannu, magana ta wuce. Ita ta ɗauka zolaya nake yi. Ni kuma na ɗauka na ci gardama. (Babu wanda ya taɓa gaya mini cewa akwai ƙasar da gwamnati take taɓa lokaci da hannu, sau biyu a shekara, kuma ba a kama kowa.)

Da safe suka fita da wuri saboda gwajin waƙa. Na ce su je, zan biyo su a bas, sai na goge babbar rigata. Sujada ƙarfe goma, waƙar yara kuma goma da kwata. Ina shan shayi na duba waya, ta ce tara da rabi. Agogona ya ce takwas da rabi. Na je na duba agogon jikin murhu, shi ma takwas da rabi. Shaidu biyu a kan ɗaya, ko a kotu an gama shari'a. Na ce da wayar, "Ke jiya-jiya aka haife ki," na kashe ta na jefa aljihu.

Ku ji abin da ya fi ci mini rai. Don kada in isa da wuri in zauna ni kaɗai, tasha ɗaya kafin cocin na sauka. Na taka a hankali, har da tsayawa kallon wasu furanni masu ruwan ɗorawa a gaban gidan wani.

Goma saura minti goma a agogona na shiga ta ƙofar gefe, wadda take kusa da bagade. Coci cike maƙil, kowa kai a sunkuye, shiru. Na ce a raina, ikon Allah, yau mutanenmu sun riga lokaci, har sun samu sararin yin addu'a kafin a fara. Na ga makirfo a tsaye babu kowa. Ma'aikaci na gari yakan gwada kayan aiki, sai na hau na buga masa yatsa.

"Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu."

Ya yi ƙara. Ganin yana aiki, sai na haɗa ɗan Turancin da nake da shi na yaba musu, na ce yau dai Afirka ta zo a kan lokaci, Haleluya! Na kuma rera amshina sau ɗaya don in buɗe murya.

Fasto, wanda ashe yana durƙushe a gefena, ya buɗe ido ɗaya. Kawuna suka fara ɗagowa layi-layi. Wata tsohuwa 'yar Jamaica ta ce "Amin" da ƙarfi, daga nan dariya ta ɓarke har baya. Sai na ji an kama gwiwar hannuna.

"Baba," in ji Istifanus a kunnena, "sha ɗaya saura minti goma. Mun kira ka sau bakwai."

Na ɗaga kai. Ga agogon bango can a bayan coci yana mara wa waya baya.

Dariya ba ta kashe tsoho, na sha ta a duniya. Amma da Istifanus yake jana zuwa kujera na hango Saratu a layin gaba, da farar rigarta da hular 'yan tsaki a cinya. Ita kaɗai ce ba ta dariya. Hannatu ta raɗa mini abin da ya faru. Yarinyar ta hau, ta bayar da baitin farko tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Ta tsaya ta dubi ƙofa. Ta sake bayarwa, ta sake duban ƙofa. A na uku muryarta ta karye, ta sauka. Hannatu ba ta san amshin ba, domin lokacin da muke gwaji ita tana asibiti.

A mota Istifanus, don ya rage mini zafi, ya ce ai yanzu lokacin Ingila da na Najeriya sun zama ɗaya. Wato da na bar agogona yadda na zo da shi daga Kafanchan, da ina tsaye kusa da amaryata. Na gode masa, na roƙe shi ya yi shiru.

Matan coci yanzu Baba Gwaji suke kirana. Saratu ta huce, muna wasa, amma waƙar ba ta sake yi ba. Wani lokaci ina wanke kwanuka nakan rera amshin da ƙarfi ko za ta bayar daga falo. Sai in ji ta ce, "Kaka, ƙarfe nawa a ƙasarku?"

Abin da na koya kaɗan ne, daidai da mai aji huɗu. In yaran nan suka faɗi maganar da ta yi kama da shirme, nakan tambaya tukuna kafin in yi dariya. Agogon kuwa ina nan ina murɗa shi kowace safiya, sai dai kafin in gaskata shi nakan kunna waya in gaishe ta.