Farantai Uku Masu Huji

Shekara ashirin ina sayar da wake a Dawanau. Idan na ga huji a jikin abu, ba na neman shawarar kowa, ya lalace kawai.

Matata Hauwa tana karatu a jami'a. Wata huɗu ta yi tana ɗibar ruwan kududdufin garinmu, tana neman wani bairos da ba ya kama mutum, sai dai ya shiga cikin bakteriya ya hayayyafa har ya fasa ta. Ran nan ta dawo da ƙananan farantai goma da ta shuka bakteriya a kansu, a cikin kula mai ƙanƙara, za ta kai wa malaminta a gano dangin bairos ɗin. Tana madafi na buɗe. Bakwai abin da ke kansu sumul, uku duk huji. Na tsince ukun na zuba a masai, na je na gaya mata ina jiran godiya.

Sai ta ce, "Alhaji, hujin nan shi ne inda bairos ɗin ya ci. Bakwai ɗin babu shi a cikinsu."

To, fisabilillahi, a ina aka taɓa yin kayan da ɓacinsa ne kyansa?

Yayanta ne ya kai labarin kasuwa. Har yau duk wanda ƙwari suka huda wa wake, sai ya miƙo min a tafin hannu: "Dakta, duba mana, wannan ɗan wane dangi ne?"