Jawabin da Na Yi a Bikin Bitrus

Ko na so, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kunna mini muryata a gaban mutanen da ke da cikakken dalilin tsinke ni da mari. Har yau idan aka miƙo mini makirfo a wurin biki, sai ranar nan ta faɗo mini a rai.

Lokacin ne da gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja. Cibiyar binciken da nake wa aiki tana cikin waɗanda aka ce su tattara. Rabin takardunmu na cikin kwalaye a can, rabi na bayan mota a hanya, mu kuma ma'aikata mun watsu neman ɗakin haya, wasu Masaka, wasu Dutse Alhaji. A cikin wannan hargitsin muke wani aikin haɗin gwiwa mu uku: cibiyarmu, da wata jami'a, da wani kamfani na Legas da zai ƙera abin ya kai kasuwa.

Abin kuwa injin busar da citta da barkono ne da damina, ba lantarki, ba fetur, ƙaiƙayin shinkafa kawai yake ci. Injiniya Bitrus ne ya ƙirƙiro shi, abokin aikina, mutumin kudancin Kaduna, marar yawan magana. Mahaifiyarsa noman citta take yi, ya taso yana ganin yadda ruwan sama ke ruɓar mata da amfanin shekara a tsakar gida. Wannan injin ya cinye masa samartaka. Sa'o'insa sun yi aure sun haifa, shi yana cikin ganguna da hayaƙi. Burinsa guda ne, ya ga sunansa a saman takardar mallakar ƙirƙira, wadda ke hana kowa ƙera abin sai da izinin masu shi.

Ni ne sakataren kwamitin. An daɗe ana jan rai kan rabon kowa: jami'a ta ce a ɗakin gwajinta aka auna zafi, kamfani ya ce shi ya sayi ƙarfe, cibiya ta ce mutumin nata ne. Ga shi ofishin rajistar ma ba a san ko yana Legas ko ya iso ba. Sai aka yi yarjejeniya cewa babu wanda zai bayyana yadda injin ke aiki har sai an shigar da takardu. Ni na rubuta ta da hannuna. Ni na bi kowa ofis-ofis ya sa hannu, har ina yi wa Farfesan jami'ar wa'azi a kan kama baki (mutumin da ya yi jika da ni, ku ji ƙarfin hali). A kaina, bayyanawa tana nufin jarida da taron masana. Nan tunanina ya tsaya.

Ana cikin haka Bitrus ya samu mata, Rifkatu, malamar firamare a Masaka. Aka ɗaura aure a coci, aka dawo liyafa a filin makaranta, rumfuna cike. Ni aka zaɓa in yi magana a madadin ofis, don dama an san bakina ba ya ciwo.

Tun kafin a kira ni raina ya ɓaci. Teburin da ke bayana na dangin amarya ne, ina jin wata tana cewa, "Wannan ango ya tsufa fa. Ko mota ba shi da shi. Me yake yi ne tun da?" Suka kwashe da dariya. Na kalli Bitrus a cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa, kansa a sunkuye. Na ce a raina, wallahi yau sai kun san wanda kuka samu.

Na karɓi makirfo na gyara babbar riga. Na fara da kyau, na yabi halinsa da haƙurinsa. Da a nan na yi addu'a na zauna, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma tafi yana da daɗi, jama'a. Na ce wannan mutumin da kuke gani ya ƙera abin da ba a taɓa ƙerawa ba. Wani dattijo daga gaba ya ɗaga murya, "Wane irin abu ne, oga? Ka gaya mana mu ji!"

Sai na gaya masa. Na ɗauki kwanon miya na jefa kofi a ciki, na ɗaga sama. Na ce ganga ce a cikin ganga, hayaƙi na zagayawa a tsakani ba ya taɓa citta. Na nuna da cokali yadda aka karkata ƙananan huji a gindi don su ja iska da kansu, wanda shi ne ainihin abin da Bitrus ya yi shekaru yana nema. Dattijon ya tambayi faɗin tazarar, na gwada masa da yatsu. Na hango Bitrus yana kaɗa mini hannu, na ɗauka kunyar yabo ce, na ce, "Ku gan shi, ba ya son a faɗa!" Aka yi ta shewa. Mai bidiyo ya matso har ina jin zafin fitilarsa. Na koma kujera ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe.

Washegarin komawarsa aiki Bitrus ya ce mini kawai, "Oga, ka yi magana da yawa." Na ce haba, cikin shinkafa da kiɗa wa ya riƙe? 

Damina na ƙarewa aka daidaita rabo, kwalayenmu suka iso, aka kira taron sa hannu na ƙarshe a sabon ofishinmu mai warin fenti. Lauyar kamfanin, wata mata mai sanyin murya, ta ce akwai tambaya ɗaya da doka ta wajabta: ko an taɓa bayyana ƙirar a bainar jama'a, a rubuce ko da baki? Kowa ya ce a'a. Ni na fi kowa ɗaga murya, har da buga ƙirji cewa ai ni ne mai gadin maganar.

 Lauyar ta sa aka turo talabijin, ta zaro kaset daga jaka. Ta ce wakilinsu ya ga ana sayar da irin injin a kasuwar Masaka, ya bi sawu har shagon wani mai walda, Kawu Yohanna, ƙanen mahaifiyar amarya. Shi ne dattijon mai tambaya. Bai ɓoye komai ba, cewa ya yi a bikin 'yarsu wani babban oga ya koyar da kowa kyauta, ga ma kaset in ana so.

Sai ga ni. Ga babbar riga, ga kwano a sama, miya na ɗiga a hannun rigata. Muryata ta cika ɗakin: "To yanzu ku saurara da kyau, ga inda sirrin yake!" Innalillahi. Na ji kamar a tsaga simintin nan in shige. Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ta fi mini sauƙi. Farfesa ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dube ni ya ce, "Malam sakatare, bayanin ya fita sarai. Ɗalibaina ma ba sa iya shi haka."

Na yi ƙarfin halin cewa ai biki ne, ba taro ba. Lauyar ta ce doka ba ruwanta da ko akwai amarya a wurin. Da baje kolin hukuma ne da akwai sassauci, amma abin da aka faɗa wa jama'a ya daina zama sabo. Ko an ba mu takardar, duk wanda ya je kotu da wannan kaset zai rusa ta. Kamfani ya janye a ranar. Jami'a ta bi bayansa.

Na iske Bitrus a bakin matakala. Na yi ta ba shi haƙuri. Ya kalli ginin da ake yi a tsallaken titi, sannan ya ce, "Na san don ni ka yi. Shi ya sa ban san yadda zan yi fushi da kai ba." Wannan maganar ta fi zagi zafi, har gobe tana cina.

Injin ya bazu. Masu walda sun kwafa daga juna, kuma a kasuwa ba a san wani Bitrus ba, "Ango" ake ce masa, don daga biki ya fito. Bayan shekaru na haɗu da Bitrus a Gwarinpa, furfura ta kama mu duka. Na tambaye shi lafiyar Mamarsa. Ya ce tana nan, cittarta ba ta ƙara ruɓewa ba. Na ce ai dole, tunda ɗanta ya ƙera mata. Ya yi murmushi ya ce, "A'a, oga. A wurin Kawu Yohanna na saya mata. Ya ɗan rage mini, wai saboda ni suruki ne."

Tun daga lokacin, duk kwamitin da na zauna, nakan roƙi a rubuta a yarjejeniya cewa biki da suna da zaman makoki duk bainar jama'a ne, kuma a fara karanta wa sakatare. A wurin biki kuwa, in an ce in yi magana, nakan ce Allah Ya ba da zaman lafiya, in zauna. Ko angon tsoho ne, ko ba shi da mota, in bar shi haka.