Ban Ruwa da Famfon Feshi

Ɗis, ɗis, ɗis. Bokitina ne ya tsage, wanda nake ban ruwa da shi a lambun bayan ɗaki. Cikin lambun akwai alayyafo, tumatir, da kuɓewar da marigayiya mahaifiyata ta bar mini irinta, ba ni da sauran ko ƙwaya.

Sai na hango famfon feshin da maigidana yake kaiwa gonarsa a Ƙarfi. Na cika shi da ruwa, na goya, ina fesawa kamar yayyafi. Har na kira maƙwabciyata Hajiya Lami, ina ce mata, "Kin ga amfanin sakandare." Ban ɗauraye shi ba, ashe maganin kashe ciyawa aka fesa da shi.

Kafin mako ya cika, komai ya bushe. Kuɓewar ce ta ƙarshen mutuwa. Maigida ya duba, ya yi salati, ya ce, "Maganin dai ba jabu ba ne." Ni kuwa ɗaki na shiga na yi kuka.

Har yau in na ɗauko ruwan wanka, autata Hafsa sai ta ja baya: "Umma, kin ɗauraye bokitin? Ni fa ba ciyawa ba ce."