Yadda Za Ka Zama Farfesan Asma Ba Tare da Ka Warkar da Kowa Ba

Gyara zama. In ka bi abin da zan faɗa maka, na yi maka alkawari sunanka zai cika mujallun likitoci, masana za su riƙa kafa hujja da kai daga ƙasashen da ba ka san hanyarsu ba, kujerar farfesa kuma za ta biyo ka har ofis. Ni ba likita ba ce. Lissafi na koyar a sakandare har kaina ya yi fari, saboda haka na san yadda ake sa lamba ta ba da shaidar abin da ba ta gani ba. Sauran ilimin a wurin mijin 'yata na kwasa, mai binciken maganin asma, wanda muke kira Dokta, da kuma ƙanwata, wadda tun muna yara muke kira Usur saboda kukan da ƙirjinta yake yi.

Mataki na 1: Nemo marasa lafiya masu lafiya

Sabon maganinka farar ƙwaya ce, kuma kana so duniya ta yarda mai shan ta ya yi sallama da inhela, wato ɗan shuɗin abin shaƙar nan da masu asma suke yawo da shi. To kada ka gwada ta a kan wanda ciwon yake kayarwa da gaske, zai ɓata maka lissafi. Cire mai shan taba. Cire mai ƙiba. Cire wanda aka kwantar a asibiti bana. In ka duba ka ga ba wanda ya rage, juya wajen dangin matarka. Ba sa makara, ba sa ƙorafi.

Dokta ya zo falona ya zauna a bakin kujera, ya kalli Usur ya ce, "Mama, ko Inna za ta shiga gwajin nan namu?"

Na ce, "Ita za ku taimaka wa, ko ita za ta taimaka muku?"

Ya yi dariyar wanda bai ji ba. Usur kuwa har ta fara neman takalminta.

Za a sami masu cewa ka raba mutanen biyu, rabi su sha maganin, rabi su sha ƙwayar banza, sannan ka kwatanta. Ka ce musu shawara ce mai kyau, za a yi a bincike na gaba.

Mataki na 2: Ka zama mai kirki

Kirki shi ne na'urar da ta fi kowace aiki. Ka riƙe wa tsofaffi ƙofa, ka tambayi gwiwarsu, ka haddace sunayen jikokinsu. Sannan ka kafa doka: ranar awo ba a shaƙar tsohon inhela, a zo a hura iska cikin bututu a ga aikin ƙwayar.

Ranar farko Usur ta hura iya ƙarfinta, lambar ta ƙi tashi. Ta dawo gida duk jikinta a sanyaye.

"Yaya, da kin ga fuskarsa. Kamar ɗalibin da aka miƙa wa takarda da jan biro. Yaron nan yana da iyali."

"Ke kuma kina da huhu," na ce.

Ranar awo ta biyu sai ta ratse ban-ɗakin asibitin, ta shaƙi shuɗin abinta, ta gyara ɗankwali, ta fito ta hura. Lamba ta yi sama. Dokta har tafi ya yi mata. Ƙanwata ba ta da rowa, kafin wata ya ƙare ta koya wa duk tsofaffin da ke kan benci. Daga nan duk ranar awo layin ƙofar ban-ɗaki ya fi na ƙofar likita tsawo.

Kada ka tambayi me suke yi a ciki. Rubuta cewa maganin yana ɗan ƙara yawan fitsari, amma marasa lafiya suna jurewa cikin fara'a.

Mataki na 3: Bincike ɗaya, maƙala buhu guda

Wawa ne yake buga bincikensa gaba ɗaya. Yi da shi yadda tela mai wayo yake yi da yadi: riga, wando, hula, ƙyallen da ya rage kuma a yi hankici. Maƙala ɗaya a kan mata. Wata a kan waɗanda suka haura sittin, ko da matan nan ne dai. Wata a kan lokacin sanyi. Ta fitsarin nan ma ita kaɗai maƙala ce, kuma ita aka fi yabawa da gaskiya.

Mataki na 4: Ambace ni, in ambace ka

A wannan sana'a ba a tambayar mutum nawa suka daina haki. Ana ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci aikinka a ƙarshen nasu. Nemi abokai biyu ko uku masu irin yunwarka. Ka ambace su, su ambace ka, ɗalibanku su ambace ku duka in suna son su gama karatu. Kai ma ka ambaci kanka, ba wanda ya fi ka sanin darajarka.

Dokta kan duba ƙirgar a wayarsa ko a kan teburin cin abinci. 'Yata ta ce, "Baban yara, abincin ya huce." Ya ce, "An ƙara guda. Daga can wata uwa duniya."

Na ce, "Masha Allah. Shi mutumin ya karanta?"

"Mama, ai ba karantawa ake yi ba. Ambata ake yi."

Mataki na 5: Abin da aka faɗa maka a falo ba ilimi ba ne

Na gaya masa. Ban yi kwana-kwana ba, na ce, "Dokta, tsohon inhela kake aunawa. A ban-ɗaki suke shaƙa don kada ka ji kunya."

Ya kawar da kai. Sannan ya ce, "Mama, wannan labari ne. Abin da ba a auna ba, ba ya shiga takarda."

Ka haddace jimlar nan, za ta yi maka amfani har ritaya.

In duk da haka maganar ta tsaya maka a rai, ka kawar da abin da ya jawo ta. Dokta ya sa nas ta zagaya da kwali, ta karɓe inhelar duk wanda ke cikin gwajin, tunda maƙalu sun tabbatar ba a bukatarsa. Usur ta ƙi ba nas. Shi ya zo da kansa ya miƙa hannu, ya ce, "Inna, don ni." Ta ba shi. Na sayo mata wani a kemis, ta kai wa maƙwabciyarta, wai ta yi wa yaron nan alkawari. Na sayo na biyu na bar shi a jakata. Daga lokacin, in ta hau matakalar gidana sai ta tsaya a tsakiya, ta yi kamar hoton bango take kallo.

Mataki na 6: Yi liyafa

Kujerar farfesa ta fito. Kama zauren taro na jami'a, sa a shimfiɗa sabon kafet, a fesa turaren ɗaki har ido ya yi yaji. Gayyato marasa lafiyarka su zauna a layin baya, a nuna su. Surukarka kuma ka ɗora ta can saman dandamali, inda sai an kama ta take sauka.

Shugaban taro yana cikin jero mujallu da yawan ambato na ji usur ɗin. Na san kukan nan tun muna yara. Ƙanwata ta dafe kujerar gabanta, kafaɗunta suna ɗagawa, leɓenta ya fara sauya launi.

Kwalbar farar ƙwayar tana aljihun Dokta, don bai daɗe da ɗaga ta aka ɗauki hoto ba. Bai ko taɓa aljihun ba. Ya tattare doguwar rigar farfesa ya zura da gudu, hular ta faɗi a bakin ƙofa. Kafin in lalubo nawa a jaka in lallaɓa gwiwoyina su sauko da ni, ya dawo rungume da kwalin nan, wanda ashe yana but ɗin motarsa tun ranar da aka karɓe. Ya durƙusa gabanta a kan sabon kafet.

"Inna, ja. Don Allah ja. Ƙara."

Ba ka jin komai a zauren sai tsofaffin layin baya suna wawason kwali, kowace tana neman nata. Da numfashin Usur ya dawo, ta dafa masa kai ta ce, "Kada ka damu, ɗana. Maganinka yana da kyau. Ƙirjina ne ba shi da kirki."

Mataki na 7: Kada ka firgita

In zuciyarka ta matsa maka, aika ɗan gyara, za a buga shi a shafin baya da ƙananan baƙaƙe. Dokta ya aika, wannan kam na yaba masa. Har yau ba wanda ya ambaci gyaran. Masana kuwa sun yi ta rubutu suna ƙaryata maƙalarsa ta farko, kuma duk mai ƙaryata ka dole ya kira sunanka. Na'urar ƙirga ba ta san zagi ba. Lambarsa ta ninka, yanzu shi ake gayyata ya koya wa yara yadda ake bincike.

Usur tana hawa matakalata ba tsayawa, da shuɗin abinta a jaka. Har yanzu in aka nuno shi a talabijin sai ta kira maƙwabta.

Ni dai tsohuwar malamar lissafi ce, ba ruwana da abin da zai same ka ko marasa lafiyarka. In aka ƙwace kujerar, ban san ka ba. In aka ƙara maka girma, kada ka ambace ni. Amma duk ranar da za ka yi liyafa, ka bar kwalin a but, kuma ka ajiye motar kusa da ƙofa.