Tarin Goɗiya, Atishawar Kaka

"Gajiya ta bi lafiya. To, mai gidana, ina marar lafiyar?"

Jikarsa ce, likitar dabbobi, da jaka a kafaɗa. Kakan na kishingiɗe a rumfarsa, idanu jawur. Can cikin makiyaya goɗiyarsa ta sunkuyar da kai tana tari, haƙarƙari na hawa da sauka. Duk shekara in ciyawa ta yi fure haka take yi, amma bana abin ya tsananta har tsohon ya kira dillali, da la'asar zai zo ya ja ta. Shekara goma sha takwas suna tare, kuma jikar ta san bakinsa kawai ke son cinikin.

"Wa ya kira ki?" in ji shi. "Likitar da zakara ke kora."

"Zakaran ma ya fi ka haƙora."

"Ranar da aka haife ki ta fara tarin nan. Fuskarki ta gani."

"A lokacin uwarta ma ba ta san sirdi ba, tsoho."

Ta je ta kara abin awo a ƙirjin goɗiyar, ta daɗe tana saurare, ta dawo.

"Ƙurar furen ciyawa ce ke toshe mata numfashi. A raba ta da makiyaya wata biyu, a jiƙa harawa kafin a ba ta, a ɗaure ta inda iska ke ratsawa. Ga magani."

"Ina zan samu wurin?"

Ta zuba wa rumfar ido.

"Rumfata? Na sake ki, saki uku."

"Na gode. Dama na gaji da mijin da ke barci yana tauna."

"Ni da na ɗauki goɗiyar nan a wuya na haye kogi..." Atishawa ta katse shi, huɗu a jere, har hula ta faɗo.

"Ashe majinyata biyu gare ni. Kai ma wata biyu a rumfa, kusa da ita. Harawarka a jiƙe ko a bushe?"

Ya yi dariya har da hawaye, ba ta tambaye shi na mene ne ba. Ya janye tabarmarsa gefe, ya miƙa mata igiya.

"Jawo ta. Dillalin fa?"

"In ya zo zan ba shi kai, kyauta."